Tsirkiya Ta Uku

Jitar lantarkin ta kwanta rub da ciki a teburin Dogo mai gyara, an buɗe mata baya kamar marar lafiya a gaban likita. Auta ya leƙa. Sifirin uku ne a ciki, tsatsa ta ci su, ɗaya har ya saki jiki.

"Ga masu laifin nan," in ji Dogo. "Su ke riƙe da jakin ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa. In ka danna hannun girgiza, jaki ya sunkuya, aikinsu su mayar da shi mazauninsa. Waɗannan kuwa tsufa ya kama su, inda suka ga dama nan suke ajiye shi. Ta ina saiti zai zauna?"

Auta ya san wannan ciwo tun yana rarrafe. Jitar marigayi babansa ce. Ranar hutu da hantsi Baba kan zauna a falo, ya ɗauko waƙar nan tasa guda da ya yi wa Mama tun suna saurayi da budurwa. Da ya kai ƙarshen baiti sai ya danna hannun, sauti ya yi lilo, tsirkiya ta uku ta kauce. Nan zai tsaya tsakiyar waƙa, ya ja tsaki, ya murɗa kunnenta, Mama kuma ta jefo masa baƙar magana daga kicin, gida ya kwashe da dariya.

Yanzu Mama ta daina jefa wa kowa magana. Mantuwa ta shige ta a hankali, har ta kai tana kiran ɗan autanta, mai furfura a gemu, "bawan Allah". Wannan kira ne ke cin ran Auta. Yayarsa ce ta ce ya gwada kaɗa mata waƙar Baba, ko Allah zai sa ta gane shi. Shi kuwa ya rantse ba zai je gabanta da jita mai kaucewa ba.

"Zaɓi naka ne," in ji Dogo. "Ko in toshe jakin da katako ya daina motsi, ka huta, ko in sa sabbin sifirin."

"A bar mini girgizar. Waƙar ba ta yiwuwa sai da ita."

Dogo ya sa sabbi. Ya yi ta ɗaurewa yana sassautawa har jan sifirin ya yi daidai da jan tsirkiyoyi, ya goga bakin fensir a ramukan wuya don kada tsirkiya ta maƙale. Ya danna hannun har ƙasa, ya saki. Ko gezau saitin bai yi ba. Ya ƙulle tsofaffin a leda ya miƙa wa Auta.

"Tafi da gawarwakinka, shagona ba maƙabarta ba ne."

Washegari da hantsi Auta ya jona jitar da lasifika a falo. Mama na kan kujerarta ta bakin taga, hannuwa a cinya. Ya kaɗa waƙar daga farko har ƙarshe, tsaf, babu tuntuɓe ko ɗaya. Ta saurara da ladabi irin na wadda aka yi wa baƙo.

"Sannu, bawan Allah," ta ce. "Ka iya."

Auta ya ji kamar ya fashe da kuka. Yaya ta dafa kafaɗarsa don ta sanyaya masa rai.

"Kai ma dai ka yi ƙoƙari. Wallahi ka fi Baba. Shi yaushe ya taɓa kai ta ƙarshe bai tsaya ba?"

Ya ɗaga kai ya dube ta. Sai ya tashi, ya ɗauko ledar Dogo da wuƙar kicin, ya zauna dirshan a ƙasa ya kwance bayan jitar. Yaya ta riƙe baki.

"Auta, lafiyarka? Gyaran jiya jiya za ka ɓata?"

Ya cire sabbin, ya maƙala masu tsatsar, ya ɗaure tsirkiyoyi, ya soma daga farko. A ƙarshen baiti ya danna hannun. Sauti ya yi lilo, ta uku ta kauce, muryarta ta yi tsami. Tsakin da kansa ya kuɓuce masa, hannunsa ya tafi kunnen jitar.

Mama ta juyo daga taga, ta harare shi, bakinta na son yin murmushi.

"Kai dai, Baban Auta! Tun yaushe nake cewa ka kai abin nan gyara? Sai taurin kai."

Yaya ta toshe baki da gefen mayafi ta fice. Auta ya murɗa kunnen jitar.

"Zan kai," ya ce. "Gobe."

"Kullum gobe." Ta gyara zama, ta lumshe ido. "Ci gaba. Amma ka rage ƙara, yanzu na samu Auta ya yi barci."

Auta ya miƙa hannu ya rage.