Kujerar Baya

Ranar Laraba, a daminar 1974, Zinariya ta rasu a kujerar bayan motar mijinta, tsakanin Rogo da Karaye. Mijin, Malam Falalu, hedimasta, ya ɗauka barci take yi.

Abu ɗaya ya riƙe: kafin su taso ta sha fura a gidan yayarta, Laure. Mutumin da ya karance littattafai kabad biyu, a kan ƙwaryar fura hankalinsa ya tsaya. Bai furta ba. Ya dai daina amsa gaisuwar Laure, gari kuwa ya fahimta.

Bayan shekara uku Maharazu, tsohon ɗalibinsa, ya zo tashar Rogo da wata na'ura daga Kano, yana auna hayaƙin motocin gyaɗa. Direbobi suka ce dabara ce ta ƙwace motoci. Malam ma bai yarda da ita ba.

"To Maharazu, yanzu hayaƙi kake yi wa jarrabawa?"

"Allah ya gafarta Malam, haske ne a ciki wanda ido ba ya gani, irin ɗumin garwashi. Hayaƙi na bi ta bututu, kowace iska ta shanye rabonta na hasken. Allurar nan ke nuna yawan mai gubar, wadda ba ta da wari."

"Abin da ba a gani yana kama abin da ba a ji. Sai ka ce boka. Ga tawa, gwada."

Maharazu ya zura tiyo a salansar motar, allura ta tashi. Ya leƙa ƙarƙashi, ya ga gwangwanin madara da waya inda salansar ta fashe. Ya ɗaga tabarmar da ke shimfiɗe a baya: rami, tsatsa ta cinye. Ya sa tiyon cikin motar, ya rufe ƙofa. Allura ta hau, ta ƙi sauka.

"Malam, ana zama a bayan nan?"

"An taɓa."

"Gilashi a rufe?"

Malam ya dubi gilashin bayan. Shi ya sa tela ya ɗinka labulen kujerar baya, shi ya hana a sauke gilashin baya, don kada 'yan tasha su kalle masa mata. Nasa gilashin kullum a buɗe, gwiwar hannu a waje.

Ya bar motar nan, ya taka har ƙofar gidan Laure, ko da yake ya san ta rasu tun bara. Shi kaɗai ne bai je gaisuwa ba. Ya tsaya a zaure, maganar tana bakinsa, babu mai karɓa: Yaya Laure, ba furarki ba ce.