Wurin Zubar Indararo

Sallau ya koyi gini a Tasawa wajen wan mahaifinsa, kuma abin da aka fara koya masa shi ne ba a ɗora bango a kan iyaka. Ana ja da baya kamu biyu, don in damina ta zo ruwan indararonka ya zuba a ƙasarka, kada ya ci gindin ginin maƙwabci.

Haj Nasr ya ɗauke shi ne a bakin titin Jadid a garin Sabha, inda 'yan ƙwadago ke jiran aiki. Ya karɓi fasfonsa da alkawarin zai yi masa iƙama, takardar zama a ƙasa. Ya nuna masa turakun ƙarfe biyu, alamar iyakarsa, a bayan gidansa da ke unguwar Hajara, ya ce ɗakin ajiya yake so, sannan ya tafi Tarabulus a yi masa aikin ido. Sallau ya ja igiya, ya koma baya kamu biyu, ya haƙa tushe. Ya san a Sabha shekara kan zagayo ba a ga hadari ba. Hannunsa ne bai sani ba. Har indararo ya saka.

Gidan da ke baya na Khaled ne, tsohon mijin Salha, ƙanwar Nasr. Tun da auren ya mutu mazan biyu ba sa gaisawa ko a masallaci. Kafin Nasr ya dawo, turakun sun ɓace, janaretan Khaled kuma ya zauna a filin, jingine da sabon bango.

Nasr ya tsaya da bandeji a ido ɗaya yana duban wurin.

"Usta," ya ce, yadda suke kiran magini, "nawa ya ba ka?"

"Wallahi, Haj, ko ruwan gidansa ban sha ba. Wurin zubar ruwa na bari."

"Wane ruwa?"

"Na sama."

Nasr ya ɗaga kai ya dubi sama da idon mai lafiya, ya daɗe, sannan ya shige gida.

Aka kai maganar gaban mukhtar, mai unguwar. An zauna a kan darduma, an zuba shayi. Khaled bai ɗaga murya ba.

"Ni ban taɓa ganin turke ba," ya ce. "Bango na gani. Maginin ma nasa ne. Ku tambaye shi, ni na riƙe masa igiya?"

Sallau ya yi bayani da ɗan Larabcinsa na wurin aiki. Da ya zo kan damina, wani dattijo ya yi dariya har ya ƙware da shayi. Mukhtar ya ce a raba filin biyu. Nasr ya ce ko taki ɗaya ba zai bar wa mutumin da ya kori ƙanwarsa da tsakar rana ba. Khaled ya ce ita ta fita da ƙafarta. Daga nan ba a ƙara maganar fili ba, sai da aka riƙe su.

Kotu ta ba da umarni a cire janareta, kada kowa ya taɓa bango ko ya gina komai a wurin har a yanke hukunci. Lauyan Nasr ya gaya masa abu biyu. Ban da masu rigimar, Sallau kaɗai ya ga turakun a inda suke, don haka shi ne shari'ar gaba ɗaya. Sannan wurin da aka bari babu kowa, wani ke wayar gari a cikinsa.

Ranar Nasr ya sa aka mayar da tabarmar Sallau lungun. Ba gini ba ne, in ji lauyan, mutum ne ke hutawa. Faɗin wurin ya ɗauki tabarma da butarsa. In ya miƙe hannu biyu, yana taɓa bangon da ya gina da shingen kwanon da Khaled ya kafa.

Ya nemi fasfonsa wajen Nasr.

"Bayan ka yi shaida."

"To a yi mini iƙamar, Haj. Ba zan shiga kotu haka ba."

"In na yi maka takarda yau, gobe kana Agadas. Na san ku."

Khaled kuma yakan leƙo ta saman kwano in ya dawo daga aiki, da fara'arsa.

"Usta, an yi ruwan?" Wata rana ya ƙara da cewa, "Ƙofar kotu ɗaya ce, 'yan sanda ne a bakinta. Su takarda suke fara tambaya kafin gaskiya. Shawara ce ta maƙwabci."

Mutari, ɗan garinsu mai haɗa fasinjoji da direbobin kudu, ya zo ya tsuguna a bakin lungun, don babu wurin mutum biyu.

"Akwai mota ranar Alhamis."

"Ba fasfo?"

Mutari ya girgiza kai. "Direban ba ya ɗauka. A shingen hanyar Gatrun suke sauke mutum. Ƙanina yana hannun masu shingen tun azumi." Ya dubi bangon sama da ƙasa. "Amma ginin ya miƙe, ɗan'uwa. Wannan ba mai ce maka komai."

An sa ranar zama, aka ɗaga, saboda mai awon filaye bai zo ba. Aka sake sawa, lauyan Khaled ya yi tafiya. Magatakarda ya ce sai bayan hutun kotu.

Ran da labarin ya zo, da hantsi, matarsa Maimuna ta kira. Ana jin kaji a bayanta.

"Malam, an yi ruwan shuka jiya. Kowa ya fita gona. Yaushe za ka taso?"

"Ki ce wa yayanki ya shuka mana ta gabas. Ta yamma a bar ta bana."

"Aikin bai ƙare ba ne?"

"Ya ƙare."

Ta jira sauran maganar. Katin wayarta ya ƙare kafin ya samo ta.

Rana ta hau tsaka, inuwar bangon ta janye daga lungun. Sallau ya rufa rawani a ka, ya jingina. A cikin indararon da ke saman kansa gwara ta fara tara ciyawa. Ya miƙa hannu zai kakkaɓe, sai ya tuna an hana taɓa bango.