Abincin Masu Takaba

Kakoli ta riga mijinta sauka. Ta tsaya a gindin bene da kwandon mangwaro a hannu, tana jin yadda Haradhan ke sauko da kansa kamar ana sauke buhu daga bayan mota. Taki ɗaya, nishi. Taki ɗaya, ya kama ƙarfe ya huta.

"Bi a hankali," ta ce. "Bikin ai na shekara-shekara ne. In mun rasa na bana, ma riski na baɗi."

"Ke dai bakinki ba ya hutu."

"Gwiwarka ma haka take cewa game da naka."

Tun farkon zafi likitan ƙashi ya faɗa masa, a gabanta: gwiwoyin sun cinye, sai an yi aiki, amma shi ba zai taɓa shi da wuƙa ba sai tumbin ya ragu, sukarin jininsa ya sauka. In damina ta wuce yana nan yadda yake, to su fara neman keken guragu. Haradhan ya yi dariya. Kakoli ba ta yi ba, don ta san wa zai tura keken, ta kuma san wa zai riƙa sauko da fo daga hawa na uku kowace safiya.

Shi ya sa tun daga ranar ta ɗaga kaskon suya ta rataye. Ba ta sayi garin gwangwanin da 'yar maƙwabta ke talla ba, wanda ke sa mutum zawo ya rame, ya dawo ya fi da. Abincin kakarta ta koma wa. Da safe shinkafar da ta kwana a ruwa, da gishiri da lemun tsami. Da rana ganyen dalbejiya ko garahuni a fara da shi, miyar wake mai ruwa-ruwa da ɗanyen mangwaro, duma, 'ya'yan zogale, sannan kofin tsala mai sanyi daga tulu. Ita da ba don kanta ta fara ba, har ta rage rigunanta sau biyu, ƙurajen zafi sun bar bayanta, tana hawa benen nan da tulun ruwa ba ta tsaya ba. Shi kuwa gogan, sai ƙara cika yake yi.

"Jinin gidanmu ne," yake cewa. "Mu ko ruwa muka sha sai ya zama kitse."

Yau ce ranar Jamai Shasti, ranar da kowace uwa a garinsu Sirampur ke kiran mijin 'yarta ta ciyar da shi har ya kasa tashi. Kakoli ta riga ta aika wa mahaifiyarta cewa a yi abu kaɗan, don al'ada kawai.

A bakin titi ta ɗaga hannu. Wani mai keken haya mai ƙafa uku, baƙi siriri da tsumma a ka, ya taso tun kafin ta kira shi. Ya ja keken daidai gefen dakali, inda mai ciwon gwiwa zai ji daɗin hawa, ya sa kafaɗa ya tura Haradhan sama kamar wanda ya san inda nauyin yake. Suka zauna. Bai tambayi inda za su ba. Ya bi ta bayan kasuwar kifi, ya kauce wa ramin gaban shagon maƙeri, ya shiga lungun gidan mahaifiyarta.

"Malam," Kakoli ta ce, "wa ya gaya maka nan za mu?"

"Haba, Didi," ya ce, wato Yaya. "Ai ko barci nake ƙafata ta san hanyar nan. Sai dai yau Maigida ya yi sammako. Ya saba sai rana ta take, in ya rufe tagar tikiti."

Haradhan ya shiga kallon wani kare da ke kwance cikin kwata kamar bai taɓa ganin kare ba.

Kakoli ta shiga lissafi. A mashigar jirgin ruwa yake sayar da tikiti, kullum kuma tana ɗaure masa abincin rana a kwano mai hawa uku, kullum kwanon na dawowa a side tas. Ta yi ta jin daɗi. Yanzu ta dubi mai keken, ta ga fatarsa sumul, idonsa garau, yana taka keke da mutum biyu ko haki ba ya yi.

"Miyar mangwaron jiya ta yi maka gishiri?" ta tambaye shi.

"Daidai take, Didi. Garahunin ne ya ɗan…" Ya katse maganar, ya danna ƙararrawa ba kowa a gabansa.

Mahaifiyarta, Shefali, na tsaye a ƙofa cikin farin zane, 'yar firit, a miƙe kamar tabarya. Ta haura saba'in, amma har yau ita ke hawa soro ta shanya kaya. Tun da mijinta ya mutu take cikin farin nan, takabar da ba ta ƙarewa: ba kifi, ba nama, ba albasa. Ta wuce 'yarta kamar ba ta gan ta ba.

"Ɗana, ka iso? Wayyo, dubi yadda wuyanka ya zurma."

Kakoli ta dubi wuyan. Ninki uku ne.

Aka yi abin da aka saba. Tsohuwa ta tsoma mafici a ruwa ta yi masa fifita, ta ɗiga masa kurkur a goshi, ta ɗaura masa zare rawaya a wuyan hannu. Sannan ta kawo sabuwar riga. Haradhan ya zura ta, ta zauna masa ɗas. Ta fi ta bara faɗi da kusan taƙi guda, amma ko'ina ta kama daidai. Ba a ɗinka irin wannan da ka. An gwada mutum ne, kwanan nan kuma.

Kakoli ta bi mahaifiyarta zuwa bayan gida, inda take da murhu na biyu don girkin da ba ta ci. Tukwane sun yi layi. Naman akuya na iyo cikin jan mai. Kan kifi ƙato. Luchi, gurasar nan soyayya mai kumburi, an tula ta a kwando. Ga kayan zaki nutse cikin ruwan sukari, ƙudaje na zagaye.

"Maa, wannan shi ne abu kaɗan?"

"Miƙo min ludayi."

"Tun yaushe yake zuwa?"

Tsohuwa ba ta ko yi ƙoƙarin musu ba. "Tun ranar da na buɗe kwanonsa na ga abin kunyar da kike zuba masa."

"Abin kunya."

"Ganyen ɗaci. Duma. Shinkafar jiya a ruwa. Ko ƙayar kifi babu." Ta juyo, ta nuna ta da ludayin. "Kin san abincin wa ke nan? Nawa ne. Abincin masu takaba. Mijinki na raye, jan garin matan aure na kan tsagar gashinki, kina girka abincin matan da nasu suka tafi, kina ci, kina ba shi. Me kike kira? Gidan da ke da namiji ba a rasa ƙarnin kifi a cikinsa. Ko 'yar goye ta san wannan."

"Likita ya ce…"

"Likita yaron jiya ne. Uwarsa ba ta ciyar da shi ba, shi ya sa yake jin haushin masu ci."

"Maa, ke shekara nawa kina cin wannan abincin? Gwiwarki ta taɓa ciwo? Kin taɓa shan ƙwaya?"

"Ni hukunci ne a kaina, ba gata ba."

"Baba fa? Shi gatan kika yi masa. Man shanu safe da yamma. Bai kai sittin ba aka yanke masa ƙafa, kafin shekara ta zagayo muka kai gawarsa bakin kogi."

Hannun tsohuwa ya tsaya cak a kan tukunya. Sai ta ci gaba da juyawa. "Ubanki bai taɓa kwana da yunwa ba. Ba wanda zai ce na bar shi da yunwa."

"Gaskiya ne. A ƙoshe ya tafi."

Tsohuwa ta ɗauki babban farantin tagulla ta wuce ta.

A zaure an kafa tebur da kujera, tunda suruki ya daina iya zaman ƙasa. Kujerar ma da matashi, matashin kuma ya riga ya lotsa daidai mazauninsa. Matan maƙwabta biyu sun leƙo ta taga don su ƙirga ƙananan kwanonin da aka jera, su je su gwada da na gidan wasu. Haradhan ya naɗe hannun sabuwar riga. Fuskarsa ta yi irin taushin da Kakoli ba ta gani ba tun daren aurensu, kuma ba ita yake kallo ba.

"Ka ji," Kakoli ta ce masa. "Ka tuna abin da likita ya ce?"

"Yau ɗaya dai. Ranar al'ada ce. In na ƙi ci, na wulaƙanta Maa, tana azumi tun safe saboda ni."

"Jiya fa, ranar me ce?"

"Kakoli, mutane na kallo."

"Ai don su aka yi girkin."

Ya yago luchi, ya tsoma cikin man naman. Tsohuwa na tsaye a kansa da mafici, tana yi wa 'yarta kallon wadda ta ci nasara.

Kakoli ta dube su su biyu: ƙaton da ke sayar da ƙafafunsa a kan romo, da tsohuwar da ke tsoron duma fiye da wuƙar likita. Ta ga magana ta ƙare. Ta kama farin awarwaron da ke hannunta na hagu, wanda aka sa mata ranar aure, wanda mace ba ta cirewa sai ranar da aka fasa mata shi a gaban gawar miji. Da can ya matse ta. Yanzu da hannun ya sirance, sai ya zame salin-alin. Ta zare jan da ke biye da shi. Ta koma hannun dama. Ta ajiye duka huɗun a kan teburin, gefen kwanon nama, suka yi 'yar ƙara.

Ɗaya daga matan taga ta dafe baki.

"Maa, ajiye min waɗannan," Kakoli ta ce, muryarta a kwance. "Gara in cire su da kaina yanzu, da a zo a fasa min su da dutse. Kuma ki duba cikin akwatinki ko akwai farin zanen da ya yi miki yawa. Tsayinmu ɗaya. Girkin kam na riga na iya."

Ta ɗaga gefen zanenta ta nufi jan garin da ke tsagar gashinta.

Ba ta kai ba. Tsohuwa ta yar da mafici, ta cafke mata hannu da ƙarfin da ya sa Kakoli jin ƙashinta. Ta rarumi awarwaron ta shiga tura su ɗaya bayan ɗaya, a gaggauce, har ta ƙarje mata fata, leɓunanta na motsi da addu'a.

"Mahaukaciya," take cewa ƙasa-ƙasa. "A gidana. A ranar nan. Mahaukaciya."

"Zan sake cirewa. Duk ranar da ya ci daga wannan murhun, zan cire, in zo har nan in ba ki."

Tsohuwa ta dube ta, ta daɗe. Ta san 'yar da ta haifa. Sai ta juya wajen surukinta, wanda lomar ke tsaye tsakanin faranti da bakinsa, mai na bin yatsunsa.

"Ajiye, ɗana."

"Maa, ai ɗan wannan…"

"Na ce ajiye."

Ta janye farantin da kanta. Ta kwashe kwanonin ɗaya-ɗaya, ta rufe taga a fuskar maƙwabta. Ta shiga ɗakin girkinta na ciki, ta fito da 'yan tukwanenta na ƙasa, waɗanda ta tanadar wa kanta don buɗe baki: shinkafa fara, garahuni, miyar wake da ɗanyen mangwaro, duma. Ta zuba masa. Sannan ta koma baya ta ɗauko yanki ɗaya na kifi, ta raba biyu, ta sa rabi a gabansa, ta dangwara rabi a gaban 'yarta.

"Wannan kam sai kin ci. Kullum. Ko ɗan yatsa ne."

"Dafaffe, ba soyayye ba."

"Ci dai."

Kakoli ta ci. Haradhan ya tauna garahuni kamar ana cire masa haƙori. Can ya ɗaga kai, cikin 'yar murya.

"Ko ɗan man shanu, cokali guda…"

Uwa da 'ya suka dube shi da fuska iri ɗaya. Ya mayar da kai cikin faranti.

Naman akuyar, mai keke ne ya tafi da shi gida, tukunya guda. Kakoli ta gaya masa ya ci ya more, don daga gobe kwano mai hawa uku ya koma wa mai shi, kuma ita za ta riƙa kai shi mashigar jirgi da kanta, ta zauna har a side.

Haka aka yi. Bai rame a sati ba, bai rame a wata ba. Ya yi ta mita, sau ɗaya ma ta kama shi a bayan rumfar mai soye-soye da takarda mai maiƙo a hannu. Amma kafin ruwan ƙarshe ya ɗauke, likita ya dube shi, ya dubi sakamakon jini, ya sa ranar aiki.

Tsohuwa ce ta karɓi rigar bikin ta kai wa tela a rage. A hanya ta tsaya ƙofa-ƙofa tana ba mata labarin yadda ta ceto surukinta da girkin hannunta, bayan 'yarta ta kusa kashe shi da yunwa. Labarin ya iso wa Kakoli tana yanka duma. Ta yi tsaki, ta tura awarwaron sama don kada su dame ta, ta ci gaba da yanka.