Mai Nauyin Ya Ɗauka

Ranar Asabar da hantsi Irmiya ya shigo garejin Malam Fakharu mai fenti a Suleja da baƙar Marsandin maigidansa, fuskar nan kamar wanda aka aiko wa da saƙon rasuwa. Shekara tara yana tuƙa wani darakta a Abuja, ɗakin da yake ciki da matarsa da 'ya'ya huɗu ma a bayan gidan daraktan yake. Jiya, ba da izini ba, ya ɗauki motar ya kai wa surukarsa doya garin Diko, wani mai amalanken itace ya zana masa dogon layi a bonet.

"Litinin Oga zai dawo daga Legas," in ji Irmiya. "In ya ga wannan, Malam Fakharu, kashina ya bushe. Aiki da ɗaki duk sun tafi."

Fakharu ya bi layin da farce. "Kwantar da hankalinka, bai kai ƙarfe ba. Guga za ta ɗauke shi."

Faɗa da baki ba wuya. Shekara ashirin da biyu yana goge fenti da tsumma da ƙarfin damtse, har amosani ya cinye masa kafaɗar dama. Aikin da a da yake gamawa a wuni, yanzu sai ya ci masa kwana huɗu, ga shi kwana biyu kacal ya rage. Dole ta sa ya nufi kasuwa neman injin gugar fenti da ya daɗe yana yi wa ba'a, wai aikin ragwaye ne.

Nneka mai shagon kayan aiki ta ɗora masa guda biyu a kan tebur.

"Wannan ƙaramin shi ne na fenti, Baba, ga wurin rage gudu. Wancan na masu walda ne, ƙarfe yake ci. Wasu dai suna ɗaura masa soso."

Shi kuwa Fakharu tun yana koyon aiki da hannu yake awon kaya. Guduma, sifana, jak, duk wanda ya fi nauyi shi ne na asali. Ya ɗaga ƙaramin ya ji shi sakayau, ya taɓe baki. Ya ɗaga babban, sai da kafaɗar ta amsa, ya ce yauwa.

Aka jona don gwaji. Ranar wuta rabi aka kawo, ƙwan lantarkin shagon ja kamar garwashi. Ƙaramin ya yi ta gurnani ya kasa juyawa sosai. Babban kuwa ya juya a natse, lafiya lau.

"Kin gani ko? Dattijon inji ke nan."

"Wutar ce ba ƙarfi, Baba. In ta cika, ba haka yake ba."

"Madam, tun ba a haife ki ba nake shafa fenti."

To, girman kai rawanin tsiya. Ta naɗe masa babban a kwali.

A gareji babu wuta ko ta rabin, sai ya ja waya daga janareton maƙwabcinsa Oladipo mai walda. Ga tsohuwar ƙofar tasi nan jingine da bango, wadda ko makaho zai fara gwadawa a kanta. Ina! Irmiya na tsaye a kansa yana duba agogo. Fakharu ya shafa man guga a soson, ya ɗora a bonet, ya yi bismilla ya danna.

Ihu injin ya yi. Ya fizge shi zuwa gefen bonet inda fenti ya fi sirara, ya yi ya yi ya ɗaga, kafaɗar ta ƙi. Kafin Oladipo ya fizge waya, ƙaurin ƙuna ya cika garejin. Wuri mai faɗin faifai ya kwaile, baƙin ya tafi, fenti mai ruwan toka da ke ƙasa ya tafi, ga ƙarfe nan fari yana sheƙi.

Innalillahi! Fakharu ya san irin fentin, mai ƙyalli-ƙyallin nan ne da babu shi a duk Suleja. Sai Kaduna, a can ma sai an yi mako. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi, ya rasa inda zai sa idonsa.

Irmiya ya ciro hankici ya yi ta goge wurin a hankali, ya hura, ya sake gogewa.

"Zan bi ka wurin Ogan naka," in ji Fakharu. "In gaya masa hannuna ne."

"Sai ya tambaye ni me ya kawo motarsa Suleja."

Ranar Laraba wata akori-kura ta tsaya a bakin garejin, ɗauke da katifu da tukwane, yara huɗu a saman kaya. Irmiya ya sauko ya ce ƙauye za su koma, ya ga bai kamata ya wuce ba sallama ba. Fakharu ya tsaya yana jiran zagi, wallahi da ya fi masa sauƙi.

"Ka yafe ni, Malam Fakharu," in ji Irmiya. "Ni na sa ka gaggawa."