Kason Filomena

Duk shekara in watan Agusta ya kama, ƙauyenmu sai ya cika da motocin mutanen arewa. 'Ya'yan garin ne da suka tafi Torino da Milano, manyan biranen arewacin ƙasarmu, neman abinci, su dawo hutu da matansu da 'ya'yansu har da karnukansu, su sha iska, su ci ɓaure, su ce mana mu da muke zaune a nan mun more. Ƙanena Saverio yana cikinsu. Ni ce Filomena, babbar 'yar gidan, wadda ba ta je ko'ina ba. Tun rasuwar Babanmu nake riƙe da Mamma a gidan nan na kan tudu, kuma a cikin riƙon nan furfura ta same ni.

A bara ina da magana da Saverio, na kuma ci alwashin ba zai koma ba sai ya ji ta. Cosimo mai gidan burodi, wanda matarsa ta rasu da daɗewa, ya jima yana jirana. Ya jira har mutanen gari sun gaji da yi mana tsiya. To gwiwoyinsa sun ƙi, ya rufe tanda, zai koma wani ɗan gida da ya gada a bakin teku da zarar an gama tsinkar inabi. Ya faɗa mini ba kwana-kwana, ko mu tafi tare a matsayin miji da mata, ko ya tafi shi kaɗai, don shi ma ba yaro ba ne. Ina son mutumin nan, ba na jin kunyar faɗi. Abin da nake nema a wurin Saverio kuwa ɗaya ne tak: ya ɗauki Mamma lokacin sanyi ta zauna a gidansa mai ɗumi, kusa da likitoci, in zafi ya dawo ni da Cosimo mu karɓe ta.

Don kan Mamma ya fara juyewa. Ta sa takalmi a cikin tanda. Ta fita da rigar barci neman akuyar da muka sayar tun ina budurwa. Wata rana ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta mutu, wata rana ta dube ni kamar na shigo mata gida ba sallama. Na sha faɗa wa Saverio a waya, amsarsa kullum ɗaya, wai tsufa ne, shi ma jiya ya manta inda ya ajiye mabuɗin mota.

Amma ga wautarmu ta mutanen nan. Baƙin Agusta ba a bari su ga abin kunya. Kowane gida sai ya shafa farar ƙasa, a fito da zannuwan gado na cikin akwati, a ɓoye duk abin da ya tsage ko ya fashe, kada a koma arewa a ce an same mu a wulaƙance. Haka uwata ta yi, haka uwarta ta yi, ni ma hannuna bai tsaya shawara da ni ba. Na wanke bango, na shanya katifar Mamma a rana har zarnin ya fita, na cusa ledar shimfiɗarta a bayan kabad, na cire sakatar da na sa a ƙofa don kada ta fice. Na yi mata wanka, na taje mata kai, na sa mata baƙar rigarta ta zuwa coci.

Motar su Saverio na tsayawa, tsohuwar nan da ta wuni jiya tana tambayata ina ne nan, sai ta miƙe tsaye cak, ta buɗe hannuwa.

"Saverio, autana! Dubi yadda ka rame. Matar nan ba ta ba ka abinci ne?"

Aka kwashe da dariya, har da Ilaria matar tasa, wadda ita aka soka. Mamma ta kira jikokinta mata biyu kowacce da sunanta, ba ta ko yi tuntuɓe ba. Ni kuwa ina tsaye da akwatunansu a hannu.

Haka hutun ya yi ta tafiya. Suna karin kumallo a ƙarƙashin inuwar inabi, Ilaria tana lumshe ido tana cewa ita fa da za a bar ta a nan ta zauna har abada, ba hayaniya, ba gudu. Matar da ko kwanon da ta sha kofi ba ta ɗauka. 'Yan matan suna bina da Goggo kaza, Goggo kaza, in dafa wannan, in wanke wancan. Duk abin da Mamma ta ɓata, kafin ido ya kai na gyara. Duk lokacin da na ce wa Saverio ina son mu zauna, sai wani abu ya taso. Yau za su rafi, gobe bikin waliyyin gari, jibi zafi ya yi yawa bari ya ɗan miƙe. Yaron da na goya, shi ne yake mini wasan ɓuya a cikin gidan ubanmu.

Sai ranar tumatir ta zo. A wurinmu ba a gama hutun Agusta sai an dafa tumatir na shekara an ɗura a kwalabe, kuma aikin na gida duka ne, babba da yaro. Tun da sassafe na hura wuta a tsakar gida, na jera bahunan ruwa. A raina na ce yau dai asiri zai tonu. Aiki ne na wuni guda, ga wuta, ga wuƙa, ga hayaniya. Ba yadda za a yi Mamma ta kai yamma ba ta kwance ba, Saverio kuma zai gani da idonsa.

Ina! Tsohuwar nan ta zauna a kan kujerarta ta kaba, ta ɗaura gyale, ta koma Mamma ta da. Ta sa hannu cikin baho ta zaro ruɓaɓɓen tumatir ɗaya da ya wuce idon kowa. Ta kori Ilaria daga bakin tukunya don tana juyawa kamar mai tsoron muciya. Ta nuna wa jikokin yadda ake saka ganyen ɗaɗɗoya ɗaya a kowace kwalba, ba biyu ba. Ta ɗanɗana ta ce gishiri bai ji ba, kuma gaskiyarta, bai ji ba. Saverio yana murɗa injin markaɗe da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana ɗaukar ta hoto a waya, yana ta washe baki.

Da muka rufe kwalaben, ni da shi muka shiga naɗe su da tsummoki muna jerawa a cikin durom, don kada su fashe in ruwan ya tafasa. Nan dai ba inda zai gudu, hannunsa cike da kwalba. Na faɗa masa komai, takalmi a tanda, akuya, katifa, sakata. Na faɗa masa zancen Cosimo, abin da ban taɓa furtawa a gaban ɗan'uwana ba, fuskata tana zafi kamar wata yarinya.

Ya ci gaba da naɗe kwalba. Can ya nuna Mamma da haɓa.

"Yaya Mena, dube ta fa. Wannan ce za ki ce ba ta cikin hankalinta? Ta fi ni da ke."

Na ce don yana nan ne, ranar da ya tafi za ta zube.

"To kin gani. Gidan nan ne yake riƙe da ita, da ƙasar nan, da iskar nan. In na kai ta bene hawa na shida, kafin Kirsimeti mun binne ta. Haka kike so?"

Ya ƙara da cewa Ilaria tana aiki, shi yana aiki, ɗakunansu a ƙirge suke. Cosimo kuwa in da gaske yake, ai sai ya dawo nan gidan ya zauna. Na ce mutumin da ba ya iya hawa matakala uku, ta yaya zai hau tudun nan kullum? Sai Saverio ya dafa kafaɗata da hannunsa mai jan tumatir, ya ce ba wanda ya iya da Mamma kamar ni, shi kullum yana faɗa wa mutane yayarsa waliyyiya ce. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar tafiyarsu aka fito da kwalaben don rabo. Wannan ma yana da ƙa'ida. Uwar gida ce take rabawa da hannunta, kuma 'ya'yan da ke zaune a wani gari su ake cika wa akwati su tafi da shi. Wanda yake gida ba shi da kaso, daga na gida yake ci. Ni tunda nake ban taɓa samun akwati ba, ban kuma taɓa sa rai ba.

Mamma ta cika wa Saverio nasa, manyan akwatunan katako biyu, ya kai mota. Sai ta jawo wani akwatin ta shiga jera kwalabe a ciki a hankali, tana zaɓen waɗanda suka fi ja. Saverio ya dawo yana goge hannu, ya ce Mamma ya isa haka, motar ba wuri.

"Ba naka ba ne," in ji ta. "Na Filomena ne."

Ya dube ni yana murmushi, ya ce to bana Yaya Mena ta samu ƙarin girma.

Mamma ba ta ko kalli inda nake ba. Ta kama hannun rigarsa ta rage murya, irin ta mai kai ƙara.

"In ka bi ta wajenta ka kai mata. Tunda ta yi aure ta tafi, ko leƙo ni ba ta yi. Haihuwarta na yi fa. Da ba don matar nan da ke mini aiki ba, da na mutu a ɗaki ba wanda ya sani."

Ta nuna ni da yatsa.

'Yan matan suka dubi uwarsu, Ilaria ta sunkuyar da kai tana neman wani abu a jaka. Ni Saverio kawai nake kallo. Na ga maganar ta shige shi, na ga murmushin ya bushe a fuskarsa. Ya gane sarai, ba sauran zancen mabuɗin mota. Raina ya ce to, ga shi nan, abin da na yi ta roƙo ya gani ya gani. Na jira.

Sai ya yi dariya. Wata busasshiyar dariya, ya sumbaci goshinta.

"Kai, Mamma, ba kya rabuwa da barkwanci."

Ya ce wa 'yan matan su shiga mota, rana tana yi, hanya da nisa, ga cunkoso. Ya rungume ni da sauri ba tare da mun haɗa ido ba, ya ce za mu yi waya, za a duba lamarin a tsanake. Mamma ta biyo shi tana cewa akwatin Filomena fa, ya ce ta ajiye mata, za ta zo da kanta ta ɗauka. Motar ta gangara tudu, hannuwa suna ɗagowa ta taga. Ba su kai kwanar coci ba Mamma ta juyo ta tambaye ni su wane ne waɗannan.

An gama tsinkar inabi, Cosimo ya tafi. Ya hau tudun nan da sandarsa don ya yi mini sallama, yana hutawa a hanya, ya iso yana haki. Bai yi mini gori ba, ni ma ban yi kuka a gabansa ba. Na ba shi kwalba biyu daga cikin na gida. Saverio yana kira ranar Lahadi, ya tambayi yanayin gari, ya ce a ba shi Mamma. Hoton da ya ɗauka ranar tumatir kuwa ya tura wa dangi kaf, kowa yana sa albarka, wai tsohuwa ta yi kyau, ƙauye akwai lafiya.

Na mayar da sakata a ƙofa, na fito da leda daga bayan kabad. Akwatin yana nan a ɗakin ajiya inda ta sa na kai shi. Abubuwa da yawa sun zube daga kan Mamma tun daga lokacin, har sunan Babanmu, amma wannan akwatin bai zube ba. Da sanyi ya yi nisa kwalaben gida suka ƙare, na shiga na ɗauko ɗaya daga ciki zan yi mana miyar taliya. Ban san tana bayana ba sai da na ji ta doke mini hannu.

"Ajiye! Ke ba ki da tsoron Allah? Na 'yata ne. Tana nan zuwa."

Na mayar da kwalbar inda take. A ranar nan, da man zaitun da gishiri muka ci taliyar.