Iskar da Ebbe Ya Jira

Mijina Ebbe bai taɓa ganin iskar da ta ishe shi ba. Shekara talatin da huɗu muna tare, in ya tashi da safe ba ni yake fara dubawa ba, tutar maƙwabta yake leƙawa ta taga. In tana kaɗawa sosai, to ranar ba ni da miji. Zai ɗaure allonsa na gudu a kan ruwa da filafilin da iska ke tura shi da shi a saman mota, sai lungun tekun da ke bayan filin jirgin sama. Ni ma a can ya tsince ni ina koyon hawa, don haka ba ni da bakin ƙorafi.

Ruwan lungun nan iya ƙugu ne, ko ka yi tafiyar minti goma a cikinsa. Duk gaɓar yammacin yankinmu na Jutland ban san irinsa ba. In iska ta kayar da kai, miƙewa kawai za ka yi ka sake hawa. Sauran wuraren zurfi ne da igiyar ruwa, sai mai ƙarfin iyo.

Bara Ebbe ya samu shanyewar ɓarin jiki. Wata takwas yana koyon riƙe kofi da hagu. Daga baya likita ta ce zai iya komawa kan allo, amma sai inda ƙafarsa za ta taɓa ƙasa. A watan ne kuma sanarwa ta fito cewa za a ƙara tsawon titin jirage, a cike rabin lungun da duwatsu, a kewaye saura da waya. Mun sa hannu a takardun ƙorafi, mun je taro, an saurare mu cikin ladabi, sannan aka ce ɗaya ga Oktoba za a rufe.

Mako shida ya rage mana. Abu ɗaya Ebbe yake so: ya hau ko sau ɗaya ne, ya ji allo yana gudu a ƙarƙashinsa, kafin a rufe.

Makon farko aka samu iska mai laushi, daidai da mai jinya. Muna zaune a mota da kofi da baƙin burodi, amininsa Torkil yana kujerar baya. Tun suna samari tare suke hawa.

"Sa rigar roba mu shiga," na ce.

Ebbe ya kalli ruwan ya taɓe baki. "Wannan ba iska ba ce, Solvej. Numfashin tsohuwa ne."

"Kai da ƙafa ɗaya da rabi, guguwa kake jira? Da babu ai gara ba daɗi."

"Rabu da ita," in ji Torkil. "Alhamis za ta juyo daga yamma. Ranar za ka nuna wa yaran nan."

Halin mutanenmu ke nan, kuma yana ba ni haushi. Su kwashe wuni a mota suna raina iskar da ke gabansu, suna yabon wadda ba ta zo ba.

Alhamis ɗin ta zo da iskar da ta tuge shingen maƙwabta. Ebbe ya sa rigar roba tun a ɗaki, ni kuma na ɓoye makullin mota a cikin tukunya. Tsoro na ji. Kwana biyu bai ce min uffan ba, kuma har yau ban san ko na kyauta ba.

Daga nan sai jiran gawon shanu. Yau ruwan sama, gobe iska ta juya tana tura mutum can tsakiyar teku, jibi ranar asibiti.

Ranar ƙarshe teku ya kwanta luf kamar shayi a kofi. Ma'aikata sun riga sun jibge turakun waya a bakin yashi. Ebbe ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce, "Ku sauke min allon."

Muka shiga da shi, Torkil yana riƙe da bayan allon, ni ina riƙe da ƙugunsa. Da ƙyar ya tsaya a kan allon, ya jawo filafilin da hannun dama, na ɗora masa na hagu a kan sandar riƙe filafilin. Muka sake shi. Ya tsaya cak, filafilin yana rataye kamar zanen da aka shanya.

Sai wani jirgi ya sauko ta saman kanmu. Bayan ya wuce, hucinsa ya faɗo kan ruwan, filafilin ya cika. Allon ya tafi kamar tsawon mota uku, sannan Ebbe ya faɗa ruwa.

Ya miƙe da kansa, ruwa iya ƙugu, kamar kullum.

"Ka hau, mutumina," in ji Torkil. "Ni shaida ne, ka hau."

Ebbe bai kalle shi ba. Ya share fuska da hannun da ke aiki, ya dube ni.

"Wannan ba iska ba ce, Solvej."

"Na sani."

"Ta makon farkon nan," ya ce a hankali, "waccan iska ce."

Na kama hannunsa na hagu muka fito, ina kuka ban ɓoye ba. Torkil ya biyo mu yana jan allon.