Ƙafar Baba a Waya

Auta tana tsaye ta ɗaga ledar ƙarin ruwa sama da kanta, don ƙarfen da ake ratayewa ya karye, sai ga Kawu ya turo ƙofar ɗakin marasa lafiya da kafaɗa, waya a hannu.

"Ina yayana? Me suka yi masa?"

Ta nuna masa gadon da haɓa. Baba yana kwance ido a rufe, leɓe ya bushe, ƙafarsa ta hagu naɗe da bandeji har gwiwa. Ya daɗe yana fama da ciwon suga, ita ce kuma mai yi masa allura kullum kafin ta tafi shagon ɗinkinta. Lafiya lau suke lallaɓa ciwon, har ranar da Kawu ya turo wani saƙon murya a gurup ɗin dangi. Wani mutum ne mai magana a natse, ya ce shi babban likita ne da aka kora don ya faɗi gaskiya. Wai allurar suga guba ce da ake ƙarar da tsofaffi da ita, wai ruwan ɗumi da wani ganye sun wadatar. Ba suna, ba fuska. Baba ya yi ta saurare har ya haddace.

Daga nan ya ce shi zai riƙa yi wa kansa allurar. Auta har daɗi ta ji. Ashe a banɗaki yake tsiyaye maganin. Ƙusa ta soke shi a tafin ƙafa, ya ɓoye ciwon cikin safa, har ya yi baƙi. Yau da safe ta tsince shi a ƙasa bakin gado.

"Likita ya ce sai an yanke, Kawu," in ji ta. "In ba haka ba ruɓar za ta shiga jini."

"Kin ji ko! Abin da bawan Allahn nan ya faɗa ke nan. Su lalata maka jiki da allura, su dawo su sare ƙafa."

"Daina allurar ya yi. Saboda saƙon da ka turo."

Kawu ya ja da baya kamar ta watsa masa ruwa. "Ke Auta, ni kike gaya wa haka? A kan cinyata kika yi wayo fa. Ni turawa kawai na yi, yadda aka turo min. Na ce masa ya daina ne?"

Nas ta kawo wani ƙarfen ta karɓi ledar, ta ce likita yana jiran wanda zai amince da aikin. Auta ta dubi Kawu, shi ne babba a wurin. Ya kau da kai yana latsa waya. Ita kaɗai ta tafi, ta zauna gaban likita, ta ce a yanke ƙafar da ta saba gasawa da ruwan zafi in ta dawo daga shago, kafin ya fara ɓoye mata ita. A bayan ƙofar ofishin ta tsuguna ta yi kukanta, ta share ido da gefen mayafi.

Da ta dawo, ta tarar an kwance bandejin don a wanke ciwon, Kawu kuma ba ya nan.

Da rana wayarta ta fara ruri. Gwaggo ce, tana kuka kamar ranta zai fita.

"Auta, ashe sun kashe shi? Sai a waya zan gani?"

"Wa aka kashe, Gwaggo? Ga shi nan yana numfashi."

Ta buɗe gurup. Ga ƙafar Baba ta cika fuskar waya, baƙa, a kumbure, da muryar Kawu tana rawa: "Jama'a, ku ga abin da allurar suga ta yi wa ɗan'uwana." A ƙasa ga wani kwafin, wanda wani da ba su sani ba ya sa wa kiɗa mai ban tausayi da jan rubutu: DATTIJO YA RASU. KA TURA DON CETON IYAYENMU.

Ta rubuta gaskiyar abin da ya faru, ta haɗa da hoton Baba yana barci. Wani ɗan Gwaggo ya amsa cewa asibiti ne suka tsara mata abin da za ta faɗa. Wata ta ce a ƙyale ta, ruɗewa ce. Kafin ta gama rubuta amsa an cire ta daga gurup ɗin. Ta kira Kawu, layinsa a cike, mutane suna ta yi masa jaje.

Ta ji motsi a gadon kusa. Matar da ke jinyar mijinta a wurin, shi ma mai ciwon suga, tana ta cusa kwanuka da bargo cikin jaka.

"Mama, ina za ku? Ai ba a sallame ku ba."

"'Yar nan, mu dai mun gode," in ji matar ƙasa-ƙasa, tana leƙen ƙofa kada nas ta ji. Ta miƙo mata waya. "Dubi abin da ɗana ya turo min yanzu. Ke ma ki ɗauke naki tun da sauran numfashi."

"Wannan mahaifina ne," in ji Auta. "Ga shi nan. Ba allura ta yi masa haka ba, ƙin yin ta ne. Wallahi ni ce nake yi masa da hannuna."

Ta yaye zanen da aka rufa wa Baba. Matar ta dubi ƙafar, ta dubi waya, ta sake duban ƙafar, ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Ashe da gaske ne. Bai dai rasu ba tukuna." Ta juya ta girgiza kafaɗar mijinta. "Malam, tashi. Tashi mu tafi."

Auta tana riƙe da bakin zanen, har masu tura gado suka shigo suka ce ta ɗan matsa su ɗauki Baba zuwa ɗakin tiyata.